Kafin ka yarda cewa laifuka sun ragu

Alƙaluman da rundunar 'yan sanda ke fitarwa a ƙarshen shekara adadin laifukan da suka shiga littafi ne kawai. Kafin laifi ya kai ga littafin nan kuwa sai ya wuce ƙofa uku: wanda abin ya shafa ya gane cewa laifi aka yi masa, ya ɗaga ƙafa ya kai rahoto, sannan ɗan sandan da ke kan kanta ya yarda ya rubuta, a kuma gurbin da ya dace. Kowace ƙofa tana da nata rabon da take riƙewa.

Ta biyun ce ta fi ci. Wanda aka sace wa mota da gudu yake zuwa caji ofis, domin kamfanin inshora ba zai saurare shi ba sai da takardar 'yan sanda. Wanda aka yanke wa aljihu ya san kuɗinsa sun tafi ke nan, sai ya haƙura. Matar da miji ke duka, ko wadda aka yi wa fyaɗe, sau da yawa kunya da tsoro ke rufe mata baki. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka samar da ma'auni na biyu: a zaɓi dubban gidaje ba tare da son rai ba, a bi su ana tambayar mutane abin da ya same su a watannin baya, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba. Amurka ta soma wannan a 1973, Ingila da Wales a 1982. Na Amurka ya daɗe yana nuna cewa kimanin rabi ne, ko ƙasa da haka, na laifukan cin zarafi da ƙarfi ke isa kunnen 'yan sanda. Shi ma ma'aunin yana da giɓi, don ba ya kaiwa ga masu kwana a titi da na gidan yari, kuma mamaci ba ya amsa tambaya.

A ƙofa ta uku ne ake wasa da hankalin jama'a. A 2014 hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales ta bi diddigin rahotannin da aka kai musu, ta gano kusan kashi 19 cikin ɗari ba a rubuta su a matsayin laifi ba, wato sama da 800,000 a shekara. A shekarar ce kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta janye shaidar ingancin da take bai wa alƙaluman. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da kwamishinan 'yan sanda William Bratton ya kawo tsarin CompStat a birnin Niyok a 1994, inda ake titsiye shugaban kowane yanki a kan alƙaluman yankinsa, rundunoni da yawa suka koma auna jami'i da lamba. Tsarin yana da amfani wajen gano inda ɓarna ta taru. Amma ranar da ƙarin girman mutum ya rataya a kan raguwar lamba, alƙalami ya fi sintiri sauƙi. Sai fashi ya koma sata, sata ta koma ɓatan kaya, a rage darajar abin da aka sace don ya faɗo ƙaramin gurbi.

Ana iya kama wannan. Duba babban laifi tare da ƙanensa: in fashi ya faɗi warwas a daidai lokacin da ƙaramar sata ta yi tsalle, akwai lauje cikin naɗi. Kwatanta kuma da abin da ba ya hannun 'yan sanda, kamar yawan masu raunin wuƙa ko harsashi da asibitoci suka karɓa.

Akwai laifukan da lambarsu ma'aunin ƙwazon 'yan sanda ce zalla. Ba wanda ke kai kansa ƙara don an same shi da ƙwaya. In aka ninka samame, lambar za ta ninka, ko da masu shan ba su ƙaru da mutum ɗaya ba.

Sai dokar ƙirge. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta riƙe alƙaluman ƙasar tun 1930, kuma a tsohon tsarinta in an aikata laifuka da dama a tashi guda, mafi girma kaɗai ake ƙirgawa. Da ta koma sabon tsari a 2021, rundunoni da yawa, har da ta Niyok, ba su aika nasu ba, shi ya sa jera shekarar da waɗanda suka gabace ta kuskure ne. A Suwidin, in mace ta ce an yi mata fyaɗe sau da yawa, kowane karo laifi ne daban a littafi, alhali wata ƙasar ɗaya za ta rubuta. A Ingila lambar kisan kai ta shekarar 2002 zuwa 2003 ta kumbura ne saboda an zuba mata mutum sama da 170 da likita Harold Shipman ya kashe cikin shekaru masu yawa kafin nan.

Duk da haka kisan kai ne lamba mafi aminci, saboda gawa tana da wuyar ɓoyewa, kuma ana iya gwada ta da takardun shaidar mutuwa. Sai dai a auna ta da yawan jama'a, a kan kowane mutum 100,000. Birnin da ke da mutum miliyan 5 aka kashe 200, ma'auninsa 4 ne. Garin da ke da 50,000 aka kashe 2, shi ma 4 ne. In baɗi aka kashe 4 a ƙaramin garin, jarida za ta ce kisa ya ninka, gaskiya ta faɗa, amma rigima ɗaya ta isa ta jawo haka. A irin wannan wuri a haɗa shekara uku zuwa biyar kafin a yanke hukunci.

Gidajen yari ma haka abin yake, a nan ne ma aka fi yawan kwatanta abin da bai kwatantu ba. Wani binciken gwamnatin Amurka ya bi fursunonin da aka saki a jihohi 30 a 2005: kashi 68 an sake kama su cikin shekara uku, kashi 83 cikin shekara tara. Sai ka ji an ajiye wannan kusa da kusan kashi 20 na ƙasar Norwe. To na Norwe sabon hukuncin kotu ake ƙirgawa cikin shekara biyu, na Amurka kuwa kame ne, ko da an sallami mutumin washegari. Gidajen yarin Norwe na iya fin na Amurka gyaran hali, amma ba waɗannan lambobi biyu ne za su tabbatar da hakan ba. Kafin a jera su sai an daidaita abu uku: me ake ƙirgawa, kame ko hukunci ko komawa kurkuku, cikin shekara nawa, kuma waɗanne irin fursunoni aka saki tun farko, tunda ƙasar da ke ɗaure masu ƙananan laifi da yawa tana cika lissafinta da mutanen da dama ba lallai su sake ba.