Wa ya riƙe ma'aunin zafi shekara 8,000 da suka wuce?

Ranar Asabar da safe hazo ya rufe Jos ruf, ko duwatsun Shere ba'a hangowa, na leƙa Gangare gaida Kawu na same shi a ƙofar gida ya ƙudundune cikin bargo da rediyonshi a gefe. Ana wani shiri ne kan sauyin yanayi, mai bayanin yace wai duniya ta taɓa yin sanyi fiye da yanzu da kusan digiri 6, shekara 20,000 da suka wuce. Kawu ya rage murya ya kalle ni yace "kai ɗan nan, kai da kayi karatun duwatsu, wa yake can a lokacin riƙe da ma'aunin zafi? Mu dai mun san sanyin Jos ya ragu don mun gani da idonmu, amma wannan lissafin nasu fa?"

Wallahi tambayar tayi min daɗi, don tambaya ce ta gaskiya, kuma mutumin da yayi ta ya fi yawancinmu kusa da amsar bai sani ba. Kawu yayi leburancin kuza a wajen Bukur tun yana saurayi. Nace Kawu in kun sauka rami me kuke fara tararwa? Nan take ya jero min, jar ƙasa a sama, sai laka, sai yashi, can ƙasa sai tsakuwa mai santsi inda kuzar take kwance. Nace toh me ya goge tsakuwar nan tayi santsi? Yace ruwa mana, ai tsohon rafi ne ƙasa ta binne. Nace shikenan Kawu, ka karanta yanayin da ba ka gani ba. Ba kaga rafin yana gudu ba amma ka rantse anyi rafi a wurin.

Duk ilimin nan daga nan ya faro. Ƙasa tana ajiye labari hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, aikin kawai a san yadda za'a karanta a kuma san yadda za'a saka mishi shekaru.

Ni abun da yake bani haushi shine duk sanda za'a yi wannan bayanin sai a tafi ƙanƙarar ƙarshen duniya, alhali shaidun da suka fi ratsa jiki suna nan arewacin Najeriya. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna cikin jihar Yobe ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Da aka tono shi gaba ɗaya a 1994 sai ga kwale-kwale, tsawonshi ya haura mita 8, an sassaƙe shi tsaf. Aka ɗebi ɗan guntu aka auna da kabon 14, wani nau'in sinadari ne da kowane abu mai rai yake ɗauka, in ya mutu sai ya riƙa raguwa da rabi duk shekara 5,730, da ragowar ake gane shekarun. Kwale-kwalen ya kai wajen shekara 8,000. Mutum dai baya ɓata ƙarfinshi ya sassaƙa jirgi irin wannan sai in akwai ruwan da zai tuƙa shi a kai.

Kuma akwai ruwan. Duk wanda ya san hanyar Maiduguri zuwa Bama ya san wani dogon tudun yashi da ya miƙe ta wajen, masana suna ce mishi tudun Bama. Gaɓar tafki ce. Tafkin Chadi na wancan zamanin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, alhali a shekarun 1960 da iyayenmu suke cewa tafkin na cike bai wuce 25,000 ba. Kenan inda Maiduguri take yau bakin ruwa ne. A Nijar wajen Agadas akwai raƙuman dawa da aka zana a jikin dutse a Dabous, a Gobero kuma cikin tsakiyar hamadar Tenere an tono kaburburan mutanen da suka rayu da kamun kifi, ga ƙasusuwan kada da dorina a gefensu, wurin da yau ko ciyawa babu.

Na nuna ma Kawu ƙurar da ta kwanta a kan rediyonshi nace kaga wannan hazon, kaso mai yawa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, Bodele, nan ne ƙasan tsohon tafkin inda ya fi zurfi. Farin garin da iska take kwasowa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido baya gani, sun mutu sun taru a ƙasan tafkin dubban shekaru, tafkin ya ƙafe, yanzu hunturu ke rabon su har Jos, har ƙetaren teku zuwa dajin Amazon. Kawu ya shafa yatsa a kan rediyon ya daɗe yana kallo.

Amma kafin wannan zamanin ruwan anyi na fari da ya fi shi tsanani. Kalmar jigawa da muke kiran jiha da ita ai tudun yashi take nufi. Wani Bature masanin ƙasa A. T. Grove ya rubuta tun 1958 cewa waɗannan jigayin na ƙasar Hausa da ake noma gero da gyaɗa a kai tsofaffin tuddan hamada ne, iska ce ta jera su lokacin da Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Wannan shine zamanin da mai rediyo yake magana, ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, ta riƙe ruwa mai yawa har teku ya ja baya da kusan mita 120. Wato ƙasa ɗaya, Kano da Jigawa da Borno, ta zama hamada ta dawo dausayi ta sake komawa yadda muka same ta.

Toh digiri 6 ɗin fa, ta ina aka samo lamba? Nan ne ake komawa ƙanƙara da ƙasan teku. A Antatika dusar ƙanƙara bata narkewa, ta bana tana danne ta bara, kuma tana rufe ƴan kumfar iska a ciki. Turawa suka haƙa da bututu sama da kilomita 3 a wani wuri da ake kira Dome C suka zaro ƙanƙarar da ta kai shekara 800,000. Kumfar nan ba kintace bane, ainihin iskar wancan zamanin ce, a fasa a auna. Abun da aka gani, iskar kabon, wadda ke riƙe zafi a duniya, tana sauka wajen 180 cikin miliyan lokacin sanyi, ta hau wajen 280 lokacin ɗumi, haka take ta yi sau takwas, bata taɓa wuce 300 ba. Yau ta haura 420. A ƙasan teku kuma akwai ɓawon wasu ƙananan halittu da suke gina jikinsu da iskar oksijin ta ruwan, oksijin ɗin akwai mai nauyi akwai mara nauyi, kuma yawan kowanne a ɓawon ya danganta da sanyin ruwan da yawan ƙanƙarar da ke doron ƙasa. Wani masani Cesare Emiliani ne ya fara karanta wannan a 1955. Ga kuma bununi, irin wanda manomi ya sani a kan gero, kowace bishiya da ciyawa da kalar nata, in ya faɗa cikin taɓon tafki baya ruɓewa. An haƙa taɓon tafkin Tila da ke kan tudun Biu an karanta irin itatuwan da suka kewaye shi shekaru dubbai. Babu ɗaya daga cikin shaidun nan da ya isa shi kaɗai, kowanne da inda yake ruɗi, amma in ƙanƙara da teku da taɓo da basu san juna ba suka faɗi magana ɗaya, ai dole ka saurara.

Shaida tana gaya maka abun da ya faru, bata gaya maka dalili. Nan kwamfuta take shigowa.

Samfurin yanayi na kwamfuta ba duba bane. Ana yanka duniya ne gida-gida kamar dara, kowane gida wajen kilomita 100, sama ma a yanka ta hawa-hawa, teku ma haka, sai a ba kwamfuta dokokin da aka sani na yadda zafi ke tafiya, yadda iska ke motsi, yadda ruwa ke zama tururi ya zama girgije, ita kuma tayi ta lissafi gida bayan gida har ta cika shekaru ɗaruruwa. Syukuro Manabe, ɗaya daga cikin masanan da suka fara wannan aikin a shekarun 1960, sai a 2021 aka bashi kyautar Nobel. Tambayar itace ta yaya zaka yarda da abun da injin nan ya faɗa kan shekara 2080 tunda ba mai zuwa ya dubo? Sai a bashi jarabawar da aka riga aka san amsarta. A mayar dashi baya.

Wani ɗan Sabiya Milutin Milankovic ya lissafo da hannu cewa yadda duniya ke kewaya rana yana ɗan canjawa, da'irar tana miƙewa tana dawowa duk wajen shekara 100,000, karkatar duniya tana ƙaruwa tana raguwa duk 41,000, sannan tana layi kamar katantanwar yara duk wajen 21,000. Yace wannan canjin ne ke kawo zamanin ƙanƙara ya kuma kawar dashi. An daɗe ana mishi kallon mai shaci-faɗi sai a 1976 taɓon ƙasan teku ya nuna lambobin nan guda uku. A yanzu duniya tafi kusa da rana a farkon Janairu. Shekara 10,000 baya kuwa kusancin yana faɗowa ne daidai daminarmu, ranar tafi ƙarfi da kusan kashi 7 cikin 100, ƙasa tayi zafi sosai ta jawo iska mai laima daga tekun Atlantika ta kutsa can cikin Sahara. A 1981 wani masani John Kutzbach ya saka ma samfurinshi ranar shekara 9,000 baya, damina ta ƙaru a Afirka da Indiya kamar yadda tafkunan suka nuna. Babban abu ne wannan.

Sai dai ga inda ni nake tsayawa in yi shiru. Tun farkon shekarun 1990 ake tara samfuran ƙasashe daban-daban ana basu jarabawa ɗaya, yanayin shekara 6,000 baya, kuma kusan dukkansu suna kawo ruwan amma basa kai shi inda ya kai. Bununi da gaɓar tafki suna cewa ciyawa ta rufe Sahara har can arewa, kwamfuta tana tsayawa a hanya. Da aka bincika sai aka ga an raina wasu abubuwa, ciyawa in ta fito ƙasa tana yin duhu ta ƙara shan rana ta ƙara jawo hadari, tafkuna suna ƙara laima, ƙura tana raguwa, kowanne yana tura ɗan'uwanshi. Da aka saka su sakamakon ya gyaru amma har yau da saura. Har yadda zamanin ya ƙare ma ana ja, taɓon teku na gaɓar Muritaniya ya nuna ƙura ta tashi kwatsam wajen shekara 5,500 baya, tafkin Yoa na arewacin Chadi kuma ya nuna bushewar a hankali ta zo.

Wasu in suka ji haka sai suce kaga ai samfuran ma ƙarya ne, dama yanayi yana canjawa da kanshi, meye namu a ciki. Ni akasin haka nake gani kuma abun yana tsorata ni. Kuskuren samfuran a yankinmu ba zuzutawa bane, ragewa suka yi. Ƙasar nan ta motsa fiye da yadda lissafi yace zata motsa, kuma ɗan canjin hasken rana ne ya tura ta. Daga 180 zuwa 280 iskar kabon ta ɗauki wajen shekara 10,000 tana hawa, mu mun ƙara 140 cikin ƙasa da shekara 200. Kuma kan daminar Sahel ta gaba samfuran basu haɗa baki ba, da yawa suna nuna ƙarin ruwa a tsakiya da gabas, ragi a yamma wajen Senegal. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga ambaliyar Rikkos da Gangare a 2012 da ta Maiduguri a 2024, ya san ko wanne ɓangare abun ya karkata mu ne a gaba.

Shiyasa nake ganin taɓon tafkunanmu ba ƙaramar dukiya bace. Kowane bututun laka da aka zaro aka karanta, ƙarin tambaya ce a jarabawar da ake ba samfuran nan, kuma da ita ake gyara abun da zasu gaya ma manomin Mangu da makiyayin Wase. Muna da tafkin Pidong a bakin tsohon dutse mai aman wuta can ƙasar Mangu, muna da Tila, muna da dausayoyin Manga a Yobe, muna da sashen ilimin duwatsu a jami'o'inmu cike da yara masu ƙwaƙwalwa da yawancinsu ƙarshenta aikin burtsatse ko neman ma'adinai suke komawa don nan abinci yake. Ina so in ga ranar da ɗalibar da ta taso a Unguwar Rogo zata zauna gaban madubin ƙara girma tana ƙirga bununin da ya faɗa ruwa kafin a sassaƙa kwale-kwalen Dufuna.

Da zan tafi Kawu ya riƙo hannuna yace in tsaya. Yace a ramin kuza sun sha tono kututturen itace can ƙasa kusa da tsakuwar, baƙi ƙirin kamar gawayi, wani ma hannu biyu baya zagaye shi, sai su jefar gefe su ci gaba da wanki. Nace Kawu irin wannan itacen aka auna a ramukan kuza na Nok aka fara sanin shekarun mutum-mutumin da ke gidan tarihi na Jos. Yayi shiru yana ta kallon hazon, can yace zai iya gane wurin, bayan Bukur ne ta hanyar Barikin Ladi, sai dai ruwa ya cika ramin yanzu. Mun yi dashi Asabar mai zuwa in hazo ya ɗaga zan zo da mota mu je ya nuna min.