Allurar Baikal ɗina ta daina maƙalewa

Alhamdu lillahi, 'yan uwa maharba. Jiya da la'asar a bakin fadama na ɗana bindigata sau huɗu, sau huɗun nan kuwa ta tashi. Na dawo gida farin ciki ya hana ni zama.

Baikal ce mai baki ɗaya, IZH-18 ɗin nan ta Rasha, faɗin bakinta lamba 12, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba sai bana. Sati uku da suka wuce fakara ta tashi a gabana, taku bai fi ashirin ba, na ja kunama sai na ji ƙas, shiru. Na dakata bakinta na kallon ƙasa, can na karya ta na zaro harsashin. Allura, wato ɗan ƙarfen da ke sarar harsashi ya tashi, ta taɓa gindinsa, amma ɗan tabo ne kawai kamar an danna da farce. Na ɗora wa harsashi laifi na je na sayo sabon kwali, kuɗin da har yau yake ci mini rai, don shi ma sabon haka ya yi.

Ashe mai ne. Da damina tsoron tsatsa ya sa na shafe ta da man gyaɗa, har na ɗiga a ramin allura. Shi kuwa man gyaɗa in ya daɗe yana shan iska sai ya yi kauri ya koma danƙo. Hunturu ya zo da ƙurarsa ta samu wurin liƙewa, sanyin asuba ya ƙara daskarar da abin, allura ta rasa ƙarfin sara. Na fesa WD-40, man feshin nan na gwangwani, ta yi kwana biyu lafiya, ta koma gidan jiya. Shi wannan tun da aka haɗa shi a Amurka a 1953 aikinsa korar ruwa daga jikin ƙarfe, yawancinsa ma bushewa yake yi. Ya dai tausasa danƙon, bai fitar da shi ba.

Daga ƙarshe na kai wa wani dattijo maƙeri da ya daɗe yana gyaran bindigogin maharba. Ya kwance ta a kan tabarma, ya zaro allurar ya miƙo mini. Wani abu ne ya lulluɓe ta, ja-ja, mai yauƙi kamar maɗi, da ƙasa-ƙasa in ka murza a yatsa. Ya ce, "Ɗana, da damina ruwa kake tsoro, da hunturu ƙura. Mai kaɗan ya ishe ta." Muka jiƙa allurar da sifirin ɗinta a kananzir suka kwana, na goge da tsohon buroshin haƙori, na shanya a rana har suka bushe ƙayau. Sannan ɗigo ɗaya tak na man keken ɗinki, na bi da tsumma har sai da ya rage ɗan sheƙi kawai.

Don bututu na daure na sayi ƙaramar kwalbar man bindiga mai suna Ballistol, tsadarta ta gigita ni. Na Jamus ne, tun 1904 aka yi shi don sojojinsu, yana yi wa ƙarfe da katako da fata. In ka zuba masa ruwa sai ya yi fari kamar nono, shi ya sa nake ganin zai fi amfanar masu adaka, tunda tokar albarushi ruwan zafi take so, in ta haɗu da man inji kuwa kwalta take zama. Baƙin mai na gareji kam kada ma ya kusanci bindigarku.

Saura wani tabon tsatsa da na gani a ƙarƙashin katakon gaba, faɗinsa kamar ƙwayar wake. Na jiƙa shi tun daren jiya. Wanda ya taɓa fitar da irinsa ba tare da ya kankare baƙin fentin ba, don Allah ya faɗa mini da me ya goga.