Talata, a kan injin niƙa gahawa

Tun da Yaya ya dawo daga Umara ya kawo mini ƙwayar gahawa rabin kilo, ban sha ta yadda raina yake so ba ko sau ɗaya. Ranar farko a bilendar uwargida na niƙa, sai ga ƙamshin attaruhu da daddawa har cikin kofi. Saboda haka yau da aka tashi daga makaranta na biya ta Babbar Kasuwa neman abin niƙa na gahawa kaɗai.

Mai shagon ya ɗauko mini wani ƙaramin inji mai wuƙa a gindinsa. Na tambaye shi ko akwai mai haƙora biyu, wanda ake iya ɗaurewa ko a sassauta, sai ya ce, "Malam, ai niƙa niƙa ce, duk gari za ka samu." Ban yi masa musu ba, amma maganar ta tsaya mini a rai har bayan la'asar. Wuƙar nan sara take yi kawai, inda ta samu nan take bugu, wani ɓangaren ya zama ƙura, wani ya rage ɓarzajje. Idan ruwan zafi ya sauka, ƙurar takan saki ɗacinta nan take, manyan kuma ba su gama sakin komai ba sai tsami, kofi ɗaya ya haɗa aibi biyu.

Da na je gaida Hajiya a Ƙofar Soro na ba ta labari, ina zaton za ta ce ɓata kuɗi ne. Sai ta ajiye carbinta ta ce, "To wace mace ce ke zuba tsaki da gari a tukunya ɗaya? Kafin tsakin ya nuna, garin ya kama gindin tukunya." Na ce, "Wallahi Hajiya, abin da na kasa gaya wa mai shagon ke nan." Ta ƙara da cewa ko mai injin unguwa, idan aka kai masa masara, sai ya tambaya ta tuwo ce ko ta fate, sannan ya murɗa ƙarfen da ke matse farantan. Ainihin aikin injin gahawa mai kyau ke nan: haƙora biyu da tazara tsakaninsu, ƙwaya ba ta wucewa sai ta kai girman da aka zaɓa.

Saura zaɓi tsakanin na lantarki da na hannu. Na daɗe ina sha'awar wani na lantarki, Baratza Encore mai matakan niƙa 40, sai dai wanda ake sayarwa a Amurka na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kuskure kaɗan ya ƙone. Ban da haka, bayan sallar asuba nake sha, lokacin da sau da yawa babu wuta, kuma ba zan tayar da janareta da maƙwabta saboda giram 15 na gahawa ba. Na hannu ya fi dacewa da gidana. Hario na Japan da na gani haƙoransa na tangaran ne, Timemore na Sin kuwa na ƙarfe, kuma tunda gahawar Saudiyya sama-sama ake soya ta, ƙwayarta tauri gare ta, mai ƙarfen zai fi cin ta ba tare da wahalar da hannu ba. A kansa zuciyata ta kwanta, ko da sai na yi saƙo daga Kano.

Har na miƙe zan tafi, Hajiya ta ce marigayi Baba yana da ɗan turmin tagulla da ya sayo a Makka, a ciki yake daka gahawarsa da kansa, kuma ƙarar taɓaryar ce take tashinta da asuba. Na yi ta ƙoƙarin tuna turmin a hanya, kamanninsa sun ƙi zo mini, ƙarar kaɗai nake ji. Tun rabon gado babu wanda ya sake ganinsa. Na kira Auta na roƙe ta gobe ta duba cikin tsohuwar adakar da ke ɗakin zaure.