Inda Muka Kai a Shirin Gwajin Tuƙi: Kuloci, Hawa da Ribas

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon mota a Agege, Ogba, Mile 12 da kewaye. Ga inda atisayenmu ya kai, don wanda ya makara ya san ta ina zai kamo.

Maganar takardu mun rufe ta, sai dai tuni: shekara 18 a ƙalla, makarantar tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, zaman darasi 26 kafin a ba ka shaidar kammalawa, takardar izinin koyo, da jan harafin L gaba da bayan mota. Jami'in VIO, wato jami'in duba lafiyar motoci, shi ne zai gwada ka, FRSC kuma ta ɗauki hoto da zanen yatsu. Mai ƙaramar mota lasisin rukunin B yake nema.

Tuƙi a miƙaƙƙiyar hanya kowa ya samu, shi ya sa muka daina ɓata masa mai. Ba a cika faɗuwa gwaji a giya lamba uku ko huɗu ba. Inda ake zubewa shi ne inda mota ke rarrafe: tashi, tsayawa, hawa, komawa baya. Waɗanda suka fara koyo a gareji ko a hannun yayansu direban danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, su suka fi shan wuya a nan, domin hannu ya riga ya saba da gaggawa.

Yanzu muna kan tashi a hawa, kuma unguwar Oke-Ira a Ogba ta wadatar da mu da tudu. Ka tsaya, ka ja birkin hannu, ka danne kuloci har ƙasa, ka sa lamba ɗaya. Ka taɓa totur har allurar inji ta kai tsakanin 1,500 da 2,000, ka riƙe ta a nan. Sai ka riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali, dunduniya na ƙasa, har ka ji ƙarar inji ta ɗan sauka, gaban mota ya ɗan ɗaga. Nan ne kuloci ya kama. Kada ka ƙara ɗagowa. Duba madubi, waiwaya kafaɗar hagu, sannan ka sauke birkin hannu, ka ƙara totur kaɗan, ka ƙarasa sakin kuloci sannu a hankali.

In mota ta zame baya, to ka saki birkin hannu ne kafin kuloci ya kama. In ta yi tsalle ta mutu, ka fizge ƙafa ne, ko totur ya yi kaɗan. In inji na kururuwa mota ba ta motsi, har wari mai kama da ƙonewar roba ya taso, faifan kuloci kake ci, don ka tsayar da ƙafa a rabi ka cika wuta. Ta mutu? Ba tashin hankali ba ne. Ja birkin hannu, mayar da giya firi, tayar, sake daga farko. Jami'i ya fi lura da yadda ka farfaɗo da ita fiye da mutuwar kanta. Abin da ba zai yafe ba shi ne ta gangara baya ta nufi motar wani.

Wasu sun ce ai otomatik za su saya, me ya kai su wannan wahala. Gaskiya ne go-sulon Legas ya fi sauƙi da otomatik, amma mai sa ran aikin direba a kamfani ko gidan wani gara ya iya manuwal. Kuma ranar da za ka tsaya a tsakiyar hawan gadar Pen Cinema, ɗan danfo ya manne maka a baya yana danna oda, za ka gode wa wannan atisaye.

Ribas mun fara shi da jarkoki, kafin mu kusanci motar mutane. Fakin a gefen titi tsakanin motoci biyu: ka tanadi fili da ya kai tsawon motarka da rabi. Ka jera da motar gaba, tazarar kamar mita 1 a tsakani, bayanku daidai. Sigina ta dama, ribas, ka murɗa sitiyari dama gaba ɗaya, ka tafi har motar ta karkata kusan digiri 45. Miƙe taya, ka ci gaba har gabanka ya wuce bayan motar gaba, sai ka murɗa hagu gaba ɗaya ka shige. Ka bar kamar santimita 30 tsakaninka da bakin titi. A nan Legas bakin titin sau da yawa buɗaɗɗen lambatu ne, don haka ka sunkuyar da madubin dama har ka ga tayar baya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne totur. Ribas a fili marar tudu ba ya buƙatarsa, kuloci da birki sun isa. Mai gudu a ribas kullum sitiyarinsa a makare yake.

Sai kallo. Jami'in da ke gefenka ba ya ganin ƙwayar idonka, kanka yake gani. Ka juya kai a fili duk lokacin da ka duba madubi: madubi, sigina, sannan motsi, a haka a jere. Madubi ba ya nuna ɗan acaɓa ko mai keke da ya shigo ta gefen ƙofar baya, sai an waiwaya. Bel kuwa a ɗaura shi kafin a murɗa makulli, hannu biyu a kan sitiyari, waya a aljihu.

A shataletale, mai zuwa ta hagunka wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya. Alamar STOP mai kusurwa takwas tsayawa ce cak, ko da titin wayam yake. Da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira umarni, mai kusurwa uku gargaɗi. Cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa, a bar tazarar daƙiƙa 2 da motar gaba, a ninka in ana ruwa. Layin da aka ware wa manyan bas na BRT a titin Ikorodu da shiga hanyar wan-we ta baya, ko kowa na bi, kai kada ka bi; dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar mai tuƙi a hannun da ba nasa ba.

Abin da ya rage mana shi ne juyawa a ƙuntataccen layi da birkin gaggawa, sai buɗe bonet: a nuna sandar auna baƙin mai, man birki, ruwan lagireto da kan batir. Mai zuwa atisaye na gaba ya sa takalmi mai siririn tafi da ke riƙe ƙafa, ya bar silifas a gida, domin yana zamewa ya maƙale ƙarƙashin birki.