Yau na saurari Heritage har ƙarshe

Yau na kunna kundin Heritage na Opeth, ƙungiyar nan ta kiɗan metal (kiɗa mai nauyi da ƙara) ta ƙasar Suwidin, ban tsallake waƙa ko ɗaya ba. Buɗewar ce ta kama ni: fiyano a hankali, babu ganga, babu jita mai ƙara. Ƙungiyar da ta fitar da kundin Blackwater Park a 2001, inda mawaƙinta Mikael Åkerfeldt ke ruri daga maƙogwaro kamar zaki, ita ce a 2011 ta fara kundi da wannan sanyin. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A Heritage, Åkerfeldt ya ajiye rurin gaba ɗaya, yana rerawa da muryarsa ta asali, kiɗan kuma ya karkata zuwa salon shekarun 1970, har da sarewa. Masoya da yawa sun ji haushi, kuma ban ga laifinsu ba, abin da suka saba da shi aka ɗauke musu. Amma nauyin kiɗan bai tafi ba. Yana nan cikin yadda mai ganga ke sauya taki ba zato, jita ta bi shi a baya. Rurin bai dawo ba sai a kundinsu na 2024. Ni dai har yanzu ina mamakin ƙarfin halin da suka yi a 2011.