Karatun harkar kuɗi mai ɗorewa da darasin bututun man Doba

Tun da na fara digiri na biyu a fannin harkar kuɗi mai ɗorewa, 'yan uwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, suke tambayata ko aikin banki nake koyo ko aikin gandun daji. Fannin yana nazarin yadda ake auna illar da jari zai yi wa muhalli da jama'a kafin a zuba shi, da kuma asarar da fari ko ambaliya za su jawo wa mai ba da rance. Duk wanda ya zo yana gudun lissafi zai sha wuya, domin ƙididdiga da auna haɗari su ne rabin aikin.

Manhajar ta ginu a kan yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi da muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai kuma takardun lamunin kare muhalli, wato takardun da ake sayarwa a ranto kuɗin ayyukan kare muhalli, waɗanda Bankin Zuba Jari na Turai ya fara fitarwa a 2007. Najeriya ta fitar da nata a watan Disamban 2017 a kan naira biliyan 10.69, ita ce ta farko a cikin ƙasashen Afirka. Sai dai yawancin ma'aunan da muke koyo an tsara su ne domin manyan kamfanonin da ke wallafa rahoto kowace shekara, alhali kasuwar hannun jari ta Duwala, wadda ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, suka haɗu a kanta, kamfanonin da ke cikinta 'yan kaɗan ne. Manomin auduga da ke karɓar taki da magani bashi ta hanyar ƙungiyarsa, a cire kuɗin ranar da kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ya auna kayansa, ba ya cikin waɗannan littattafai, duk da cewa idan damina ta tsaya shi ne farkon wanda bashi zai danne.

Saboda haka na fi ƙaruwa da abin da ya faru a maƙwabtanmu. A shekarar 2000 Bankin Duniya ya amince ya shiga aikin bututun mai mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba a kudancin Chadi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, bisa sharaɗin dokar da Chadi ta kafa a 1999. Dokar ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin man domin 'yan baya, ta ware wa yankin da ake haƙo man kasonsa, ta kuma ce mafi yawan ragowar a kashe shi a fannoni irin su lafiya da ilimi, a ƙarƙashin kulawar wani kwamitin sa ido. A takarda, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan kyau. Mai ya fara gudana a 2003, amma a ƙarshen 2005 majalisar dokokin Chadi ta gyara dokar, ta soke asusun 'yan baya, ta sa tsaro cikin fannonin da za a ba fifiko. Bankin ya dakatar da rance a farkon 2006, kuma a watan Satumban 2008 ya janye bayan Chadi ta biya shi abin da yake binta.

A ganina, ƙarfin mai ba da rance yana nan ne kafin a gama aiki. Da zarar kuɗin man ya fi bashin yawa, sharaɗi ba shi da mai tsare shi sai hukumomin cikin gida. Wannan tambaya ta wa zai tilasta cika alkawari ita nake ɗauka zuwa kan dala biliyan 300 a shekara da aka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawari a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Baku a 2024, kuma a kanta na gina kundin binciken da nake rubutawa. Ina bin sawun kuɗin da ake ware wa ambaliya a kwarin kogin Logone, inda ruwa ya ci gidaje da gonaki a Yagwa da Kuseri a 2022 da 2024, domin in gano hannaye nawa yake ratsawa, da kuma wanda doka ta ba ikon duba littafin kashe shi.