Wasan da aka daɗe ana jira

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Abokan sana'a sun san kamfanin, sun san wasan, sun kuma ga irin caccakar da ya sha bayan fitowarsa, saboda haka ba sai na kama suna ba. Takardar riƙe sirrin da na sa wa hannu ma ba za ta bar ni ba. Iyakar abin da zan ce, matsakaicin kamfanin wasannin bidiyo ne a Turai, wasansu na farko ya karɓu fiye da yadda su kansu suka zata, ni kuma an ɗauke ni a sashen gwaji lokacin da masoya suka riga suka yi shekaru suna jiran kashi na biyu.

Duk lokacin da aka ɗage ranar fitowar wani gem, akwai maganar da masu saye ke lallashin kansu da ita: gara a daɗe a yi mai kyau. 'Yan sashen talla na son wannan magana ƙwarai, don tana sauƙaƙa musu aiki. Amma wanda ya zauna a ciki ya san cewa shekarun da ake ƙirgawa daga waje ba duka ne na aiki ba. Kamar tela ne da ka kai wa shadda tun kafin azumi, ya yanka, ya ɓata, ya ajiye, sai daren sallah ya zauna kan keke. In ka tambaye shi ya ce ai wata biyu kayanka suka yi a hannunsa. Gaskiya ya faɗa, amma ɗinkin na dare ɗaya ne, kuma a jikinka za a gani.

Telan namu shi ne daraktan wasan, wanda a tsakaninmu nake kira Oga. Mutum ne mai basira, wannan ba zan hana shi ba, kashi na farko daga kansa ya fito. Matsalarsa ita ce Litinin. Ya buga sabon wasan wani kamfani ranar Asabar da Lahadi, Litinin sai ya shigo da fara'a, ya tara shugabannin sassa, kafin azahar abin da aka yi wata uku ana ginawa ya zama tsohon yayi. Kafin zuwana an riga an rushe aikin sau ɗaya. A lokacin da kowa ke hangen kuɗin da Fortnite ke kwasa, ya ce a mayar da wasan na taro, mutum huɗu su haɗu ta intanet. Aka yi nisa, aka ga labarin ba ya ɗaukar mutum huɗu, aka dawo baya. Rushewa ta biyu a gabana aka yi ta. Elden Ring ya fito a Fabrairun 2022, Unreal Engine 5, sabon injin da ake gina wasanni a kansa, ya biyo baya a Afrilu, Oga ya haɗa su biyun a ransa: a koma sabon inji, a kuma buɗe duniyar wasan ta zama fili fetal, ɗan wasa ya nufi inda ya ga dama.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka canza inji kamar sauya kwamfuta ne. Zane-zane da siffofin mutane ana iya kwashe yawancinsu a kai can. Amma yadda ƙafa ke taka ƙasa, yadda haske ke faɗa wa bango, yadda abokin gaba ke hango ka, da duk kayan aikin da masu tsara matakai suka saba da su, sai an sake su. Mu kuwa a ɗakin gwaji, rahotannin kurakurai da muka tara, dubbai, kowanne da bidiyonsa da bayanin yadda za a maimaita shi, an rufe su gaba ɗaya da yammacin wata Juma'a, tunda wasan da suke magana a kai babu shi. Akwai babban allo a bangon ofis mai nuna adadin kurakuran da ba a gyara ba. Ina kallo ya koma sifiri. Wasu har da tafi. Wani abokin aikina da ya fi ni daɗewa ya ɗauki jakarsa ya fita bai ce wa kowa uffan ba.

Ba mu muka fara ba. Duke Nukem Forever an sanar da shi a 1997, a 1998 kamfanin 3D Realms ya watsar da injin Quake II ya koma Unreal, aka yi ta ƙari ana rushewa har kuɗi ya ƙare aka sallami ma'aikata a 2009. Gearbox ne ya tattara abin da ya saura ya sake shi a 2011, kuma bayan shekara 14 abin da mutane suka samu tsohon wasa ne a sabon kwali. Final Fantasy XV ya fara rayuwa a 2006 da wani suna daban, aka canza masa darakta da na'ura kafin ya fito a 2016. Dragon Age ya yi shekara 10 tsakanin Inquisition na 2014 da The Veilguard na 2024, a tsakani an soke tsarin farko, an karkata zuwa wasan taro, an sake dawowa na mutum ɗaya, kusan hanyar da muka bi ke nan. Oga ya san duk waɗannan labarai fiye da ni. Yakan ba da su ma a wajen shan kofi yana dariya.

Abin da ya fi rushe-rushen illa shi ne tafiyar mutane. Ba kowa ke iya zuba shekarun ƙuruciyarsa a aikin da ba ya fitowa ba, musamman a sana'ar da ake tambayar ka wasa nawa ka saki kafin a ɗauke ka. Matar da ta rubuta tsarin adana wasa tun kashi na farko ta tafi ana tsakiyar ƙaura zuwa sabon inji. Wanda ya gaje ta bai daɗe ba shi ma ya samu wani wuri. Na uku yaro ne mai ƙoƙari, amma ya tarar da rubutun da babu mai iya yi masa bayaninsa, sai ya riƙa ɗora nasa a kai yana addu'a.

A nan kuskuren da ya kashe mu ya ɓuya. Akwai wata doguwar gada da ke haɗa yankin farko da na biyu, kuma yayin da ɗan wasa ke tafiya a kanta ne wasan ke sauke tsohon yanki daga ƙwaƙwalwa yana ɗora sabo. In wasan ya adana kansa daidai wannan lokaci, kuma jakar ɗan wasa ta cika da kaya, sai ajiyar ta lalace. Ba ta nuna komai a take. Sai ka kashe na'ura, ka dawo washegari, ka tarar da mutuminka tsaye a kan ruwa, babu gada, babu kaya, babu hanyar komawa. Na gano shi watanni kafin ranar saki. Na yi ta tsallaka gadar nan gaba da baya har na iya jawo matsalar duk lokacin da na so, na ɗauki bidiyo, na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya, na sa masa alamar mafi girman haɗari.

A taron tantance kurakurai Oga ya kalli bidiyon bai kai ƙarshe ba. Ya ce mutum nawa ne za su cika jaka kafin gada? Na ce duk wanda ya tsaya yawo a yankin farko, kuma mu da kanmu muka buɗe filin don a yi yawon. Ya ce gyaran zai taɓa tsarin da babu mai son taɓawa, lokaci kuma ya ƙure, masu ba da kuɗi sun ce ba za su sake ɗaga rana ba. Ya sa aka rage masa daraja zuwa abin da za a duba bayan saki. A makon ne kuma ya ware mutum biyu su gyara yadda alkyabbar jarumin ke kaɗawa a iska, saboda za ta fito a bidiyon talla.

Wasan ya fita. Masoyan da suka fi kowa jira su ne suka fi kowa yawo, suna leƙa kowane lungu suna tsintar kaya, don haka su abin ya fara ci. Mutum ya zuba awa ashirin ya wayi gari a kan ruwa. Kafin facin gyara ya iso, sharhi ya riga ya yi muni, masu neman a mayar musu da kuɗinsu sun yi layi. Wannan duk zan iya haɗiyewa, sana'a ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne taron da aka kira na duka ma'aikata, inda Oga ya tashi, da muryar tausayi, ya ce akwai darasi ga kowa, musamman wajen ƙarfafa sashen gwaji don irin wannan kada ta sake wucewa ba a gani ba. Ba a gani ba! Lambar rahoton tana nan, da kwanan wata, da sunan wanda ya rage masa daraja. Shugabar sashenmu ta tura wa manya ita a rubuce. Amsar da ta samu ita ce yanzu ba lokacin nuna yatsa ba ne. Da aka zo rage ma'aikata, 'yan kwantiragin ɗakin gwaji aka fara sallama, yara masu ƙaramin albashi waɗanda suka yi ta kwana a ofis a watannin ƙarshe. Ni an bar ni, har da ɗan ƙarin matsayi, wanda na fahimci kuɗin yin shiru ne.

Kada a ce na ce duk jira banza ne. Wasannin yanzu sun yi girman da dole su ci lokaci. Rockstar ya saki GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004, amma bayan GTA V na 2013 an shafe fiye da shekara goma ana jiran na shida, wani ɓangare saboda girman aikin, wani kuma saboda wasan da ya sayar da fiye da kwafi miliyan 200 ba ya sa mai shi gaggawa. Wata takardar Sony da ta bayyana a shari'ar yunƙurin Microsoft na sayen kamfanin Activision a 2023 ta nuna The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220. Akwai kuma jiran da ya biya. Team Cherry, 'yan tsirarun mutane a Adelaide ta Ostireliya, sun sanar da Silksong a 2019 suka sake shi a Satumban 2025, ya fito da kyau, domin mutanen da suka fara su suka gama, kuma wasa ɗaya suke ginawa tun farko. Larian na Beljiyam ya ba mutane wani ɓangare na Baldur's Gate 3 tun Oktoban 2020, kusan shekara uku masu saye na bugawa suna kawo ƙorafi kafin a kammala a 2023. Nintendo kuwa, da Metroid Prime 4 ya ƙi tafiya, a Janairun 2019 babban jami'insu Shinya Takahashi ya fito a bidiyo ya ce aikin bai kai ba, an rushe, an miƙa wa Retro Studios su fara daga tushe. Mu rushewa biyu muka yi, sashen talla na ta rubuta wa jama'a cewa ana ƙara goge wasan ne.

Ƙanena da ke Kano, wanda rabin rayuwarsa a gidan gem take, ya taɓa kira na yana faɗa kamar ni na yi laifin. Konami sun tsallake shekara, wasansu na ƙwallo PES 2021 sabunta 'yan wasa kawai aka yi, aka ce ana shirya babban abu a sabon inji. Da babban abun, eFootball 2022, ya fito a Satumban 2021, fuskokin 'yan ƙwallo sun zama abin dariya a duniya. Ya ce, "Yaya, shekara biyu fa suka ɗauka, me suke yi?" Na ce masa ya tambayi wata nawa aka yi ana gina wanda ya buga ɗin, ba wata nawa ya yi yana jira ba. Lokacin ban ma ga namu ba tukuna.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Duk shawarar da aka yanke da baki, ka bi ta da saƙo a rubuce a ranar. In ka ga masu rubuta manhajar da suka fi daɗewa sun fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, ka sabunta takardunka. Kafin ka karɓi aiki a kan wasan da aka daɗe ana jira, ka tambayi sau nawa aka fara shi, ka kuma lura da fuskar mai amsawa. Kada ka yarda a biya ka aikin dare da pizza da lemo. Kuma shugaban da ke cewa ƙofarsa a buɗe take, ka duba ko akwai wanda ya taɓa shiga ya fito da abin da ya je nema.

Yaran da aka sallama, biyu sun samu aiki a wani kamfanin manhajar banki, sun ce albashi ya fi, barci ma ya fi. Ni zan koma wani ƙaramin kamfani da ke sakin ƙananan wasanni a kai a kai, inda na tambayi sau nawa suka taɓa canza inji suka dube ni kamar na yi saɓo. Oga yana nan a kujerarsa. Makon da na miƙa takardata ne aka fitar da sanarwar kashi na uku: tambari kawai a kan baƙin allo, da kiɗa, babu rana. A cikin ofis kuwa ko shafi ɗaya na labarin ba a rubuta ba, kuma na ji ya fara maganar wani sabon wasa da ya buga a ƙarshen mako.